Daminar Da Iya Ta Hana Ni Ƙunshi

Ina cikin wanke surfe na gan su. Na tsoma hannu a ƙwarya na ɗago, ruwan dusa ya gangare, sai ga wasu 'yan ɗige-ɗige masu launin jar ƙasa a tafin hannuna na dama. Na buɗe na hagu, suna nan. Na zauna a kan turmi na juya ƙafata, suna nan su ma. Ba ƙaiƙayi, ba zafi.

Da ban taɓa ganinsu ba, da na ce kantar taɓarya ce. Amma na san su. Bara sun fito mini haka, suka yi 'yan makonni suka ɓace da kansu. Bayan wata biyu na haifi ɗa namiji a wata bakwai, bai yi kuka ba. A ranar nan ta surfe kuwa cikina na biyu wata huɗu ne.

Sunana Lubabatu, ni 'yar Tsafe ce, na yi sakandare a Gusau, aure ya kawo ni Nahuce. Maigidana Murtala manomi ne, da rani kuma yana tafiya neman aiki kamar sauran samarin garin. Da na rasa yaron nan ban yi kuka a gaban kowa ba, saboda ɗan fari ne, kunya ba ta bari. Mata suka shigo suka ce ba rabona ba ne, suka fita. Surukata, Inna, ita ce ta fara faɗar kalmar da kowa ke riƙe da ita a baki. Ta ce wabi ne, kuma daga gidanmu na kwaso shi, domin kowa ya san kakata 'yar wabi ce.

Kakar tawa ita ce Iya, mahaifiyar mamata. Sunanta na yanka Ajuji, kuma saman kunnenta na hagu a yanke yake. Muna yara mukan ja kunnen mu ce ɓera ya ci, ta bi mu da muciya. Da ta ji na sake samun ciki sai ta ƙulle 'yan tsummokaranta ta baro Tsafe, ta ce ta zo ta tsare ni har in sauka.

Bana ruwa ya yi jinkiri. An yi na farko, kowa ya fita shuka, gero ya tsiro tsawon ɗan yatsa, sai sama ta ɗauke. Kwana ashirin ba ɗigo. Hadari yakan haɗu ta gabas da la'asar, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shi ta kai wa wasu. Shuka ta ƙone aka sake wata. Zafi kuwa ko ruwan randa ka sha kamar an ɗumama shi. Murtala ya shiga rumbu ya fito, washegari Inna ta rage mudun da ake aunawa.

Ranar da na ga ɗige-ɗigen ban gaya wa kowa ba. Da rana ta yi sanyi na ɗauko lalle na daka, na jiƙa, na nemo tsummoki. Na ce a raina in na ƙunsa hannu da ƙafa, ko ni kaina ba zan ƙara ganinsu ba.

Iya ta fito da butarta ta same ni a bayan ɗaki.

“Wa ke aure da tsakiyar fari?” in ji ta. “Ko mijin naki ne ya fara duban wani wuri?”

Na ce, “Kwalliya ce kawai, Iya. Ke da kika tsufa ai ba ruwanki.”

“Tsufa na nan tafe gare ki, 'yar boko. Miƙo in ƙunsa miki, ke ba ki iya ba.”

Na ɓoye hannun a zane. Ta ajiye buta ta kamo shi da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ta kai shi kusa da idonta, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sa ƙafa ta ture kwanon lallen gefe.

“Bara ma sun fito?”

Na ɗaga kai.

Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ba ta saki hannun ba. Abin da ta gaya mini a yammacin nan, ko mamata ba ta taɓa jin sa ba.

Ta ce, “Ni ba a haife ni ba lokacin, goggona ta ba ni labari. A Ruwan Bore suke, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Babana mai jakuna ne, yana bin fatake, ya yi wata uku huɗu bai gida. Anka yi wata shekara irin wagga, har ta fi. Gero ya yi ciki ruwa ya tsaya. Mata na fita tun da asuba su haƙa gidan tururuwa su kwaso ɗan hatsin da sunka tara. A tsinko anza a jiƙa kwana da kwanaki ɗacin ya fita. Tafasa kuwa ko gishiri babu. To cikin wannan hali innata kullum hannunta da ƙunshi. Ya kama ya yi ja, ta ƙara wani ya yi baƙi. Mutane na zunɗenta, wai ana yunwa ita tana kwalliya. Goggo kaɗai ta san abin da ke ƙarƙashi, don ita ke ɗaure mata.”

Na ce, “Irin wannan ne?”

“Yadda anka kwatanta mini, shi ne. Shekarar nan ta yi ɓari. Ta sake ta haifi matacce. Ta sake. Biyu sun zo da rai, hanci na ta zuba, fatar ƙafa na saɓulewa, ba wanda ya kai arba'in. Biyar ta binne, Lubabatu. Anka ce yaro guda ne ke zuwa yana komawa. Da anka haife ni sai anka kai ni kan juji anka aje, kamar ba a so na, wanzami ya yanke kunne. Na rayu, kowa ya ce magani ya ci.”

Ta taɓa kunnen.

“Amma ita ba ta warke ba. Ni na taso na iske hancinta ya lotse, magana ta hanci take fita. Ƙwaryarta dabam, ludayinta dabam. Jiƙo ba irin wanda ba ta sha ba, rubutu kuwa har allo ya yi fari. Wata tsohuwa ta taɓa cewa tunjere ne, anka rufe mata baki, don an san ta inda yake zuwa, kuma babana mutum ne mai mutunci. Ina da kamar shekara goma ta rasu. Ranar da anka wanke ta, hannunta da ƙunshi.”

Tunjere. Na san kalmar. Mun yi ta a aji uku a darasin kiwon lafiya, na rubuta ta a jarrabawa har na ci maki. Amma a kaina ciwon wasu mata ne can a birni, ba na matar aure da ke surfe a Nahuce ba.

Iya ta ce, “Ni ban yi boko ba, ban san ko shi ne ba. Na dai ga inda ƙunshi ya kai ta. Gobe mu tafi a duba hannun nan yadda Allah ya fito da shi.”

Da safe ta gaya wa Inna wai idonta ke damunta, za ta asibiti, ni zan riƙe mata hannu in yi awo gaba ɗaya. Iya da ke zura zare a allura ba tabarau. A ƙaramin asibitin Bungudu malamar awo ta duba tafina ta ce su ba sa gwajin, mu wuce Gusau. Muka shiga bas. Gonaki hagu da dama ja wur, shuka ta biyu ta lanƙwashe kamar an zuba mata ruwan zafi.

A Gusau muka samu wata nas mai tabarau, kowa Sista yake ce mata. Ta rufe ƙofa kafin ta ce in buɗe hannu. Ta tambaye ni cikin bara, wata nawa, ya zo da rai ko babu. Ta tambaya ko na taɓa ganin wani ƙurji a gabana wanda ba ya zafi. Na ce na gani, farkon aure, ya warke da kansa. Tana tambaya tana rubutu, muryarta ba ta canja ba, kamar tana tambayar ko na karya kumallo.

Ta ce, “Bara kin zo awo?”

Na ce a'a. Cikin fari ne, kunya ta hana.

“Duk mai ciki da ta zo muna ɗibar jininta mu duba wannan, ko da alama ko babu. Gara da ba ki ƙunsa ba, da sai in ce ki jira layin gwaji kamar kowa. Yanzu zan sa a gaggauta naki.”

Iya ta kalle ni ta gefen ido, ta gyara zama.

Aka ɗebi jini aka ce mu dawo jibi. A hanyar komawa ruwa ya sauko. Ya fara da manyan ɗigo a kan rufin bas, sannan ya ɓarke. Direba ya tsaya gefen hanya don ba ya gani. Ƙanshin ƙasa ya cika motar, maza na ta hamdala, wani tsoho ya miƙa hannu ta taga ya shafa a fuska. Kowa na murna, ni ina riƙe da auduga a gwiwar hannu ina lissafin wata bakwai saura nawa.

Jibin Sista ta ce shi ne. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce tunjere ne, ana ɗaukarsa wajen kwanciya, yana bin jini ya isa ga abin da ke ciki, kuma mai yiwuwa shi ya ɗauke na bara. Na sunkuyar da kai. Ta ce in kalle ta.

“Yana da magani, kuma kin zo da wuri. Allura ce, sati-sati har sau uku. Tana warkar da ke, tana shiga ta warkar da na ciki. Amma kar ki tsallake ko ɗaya.”

Ta jawo wani babban littafi ta fara rubutu. Na kama bakin teburin na ce, “Sista, sunana ina za shi?”

“Sunanki nan zai tsaya, cikin durowar nan. Abin da muke aikawa ofishin lafiya shi ne an samu mace ɗaya mai ciki, an yi mata magani. Su san ciwon na nan su aiko da allura. Ba wanda zai ji a Nahuce sai wanda kika gaya wa.” Ta yago wata 'yar takarda. “Mutum ɗaya dai dole ya ji. In ba a yi wa maigida ba, zai mayar miki da shi. Kuma ku nisanci juna sai an gama.”

Allurar fara ce mai kauri kamar kunu, rabi a wannan gefe rabi a wancan. Na fito ina ɗingishi, Iya na cewa yau 'yar boko ta san boko. Sista ta gargaɗe mu cewa zazzaɓi na iya zuwa, kuma ya zo tun kafin la'asar. Na kwanta ina karkarwa, ruwa na zuba a waje, Iya ta ɗora tafinta a kan cikina tana karanta abin da ta iya. Kafin gari ya waye ya sauka.

Takardar ta yi kwana uku cikin ƙullin zanena. Ruwan da ya dawo ya taso da ciyawa gaba ɗaya, Murtala ya kira gayya. Tun safe muke kan wuta, ni da Iya da Inna, da hatsin da aka share daga gindin rumbu. Da azahar na ɗauki fura na kai gona. Maza sun jeru da fartanya, ƙasa baƙa tana manne musu a ƙafa. Da suka zauna sha, na ce masa ina da magana. Muka matsa gindin wata ƙirya.

Na ce, “Malam, ba idon Iya ya kai mu Gusau ba.”

Na miƙa masa takardar, na buɗe masa tafina. Na faɗi abin da Sista ta ce, kalma bayan kalma, idona a ƙasa. Na shirya wa faɗa. Na shirya ya tambaye ni inda na samo.

Gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan takardar.

Ya ce, “Kafin bikinmu, can wurin cin rani, wani abu ya fito mini. Bai zafi. Na sayi kafso a kemis na sha, ya ɓace. Wallahi Luba na ɗauka ya tafi.” Ya naɗe takardar. “Yaron nan ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta. Bai kai nauyin damin nan na ciyawa ba. Ashe ni ne.”

Ban taɓa jin ya ambaci yaron ba sai ranar. Ya juya wa 'yan gayya baya, kafaɗunsa na motsi. Ni ma a nan na yi kukan da na riƙe shekara guda. Ban ce na yafe ba, bai ce in yafe ba, wannan ya zo daga baya, a hankali. Na dai ce masa Talata ce ranar allura.

Ya ce, “Ko ana ruwan ƙanƙara.”

Talata uku muka yi, har shi ma ya cika nasa. Ya bar noman maimai a tsakiya, maƙwabta na cewa Murtala ya zama ɗan birni. Iya kuma idonta ya ƙi warkewa, duk sati sai an kai ta. Inna har tausaya mata take yi, tana aiko mata da kwalli. A bas shi da ni kowa a ɗosane yake zaune saboda zafin allura, Iya a tsakiya tana cewa ba ta taɓa ganin mata da miji da suka dace haka ba.

Ɗige-ɗigen suka dushe, suka ɓare kamar fatar albasa. Amma bara ma sun ɓace, don haka ban yarda da su ba.

Marka ta kama. Kwana uku huɗu ba a ga rana ba, katangar bayan gida ta zube, itace ya jiƙe sai hayaƙi. Rumbu ya ƙare. Muka koma kwaɗon tafasa da rama, da ɗan garin masara da Murtala ke samowa. Iya takan tsakuri nata ta turo mini sauran, ta ce haƙoranta ba sa son ganye. Wata rana tana gyaran tafasa ta ce, “Innata ma wanga ta ci, da ciki. Ita dai ba ta da Talata.” Ta ci gaba da tsinke ganyen.

Na shiga wata bakwai lokacin da gero ya fitar da kai. Ban iya barci ba, ban iya ci ba. In ina daka sai in tsaya da taɓarya a sama in saurara. In motsi ya yi jinkiri sai in sha ruwan randa in kwanta ta hagu, yadda Sista ta koya mini, in jira. Ranar da Murtala ya kawo tumun farko ya gasa mini a bakin murhu, ina murzawa ina ci da zafinsa, sai na ji wani naushi a ƙarƙashin haƙarƙari har na saki zangarniyar. Iya ta ce wannan ɗan gidan manoma ne, ya ji ƙanshi.

An sake ɗibar jinina kafin girbi. Sista ta ce yana sauka yadda ake so, amma maganar ƙarshe sai an haihu an duba mu duka. Ta ce a asibiti zan haihu, ba a gida ba.

Inna kuwa tana nata shirin. Ba da mugunta ba, ita ma jikan take so. Ta yi magana da wanzami, ta zaɓi jujin da za a ajiye abin da aka haifa, ta ce in mace ce Ajuji za a sa mata, ta gaji mai sunan. Iya ta saurare ta har ƙarshe ta ce, “Allah ya kai mu.”

Ana yankan dawa naƙuda ta zo. Na haihu a Gusau da hantsi, mace. Ta yi kuka, kuka sosai, amma ban bari raina ya kwanta ba, don na tuna biyu na innar Iya da suka zo da rai. Da aka miƙo mini ita tafin ƙafarta na fara dubawa, sannan hanci. Aka ɗebi jininta da nawa. Kwana biyu muna jira. Duk wanda ya turo ƙofa sai in tashi zaune.

A rana ta uku, wajen ƙarfe goma, Sista ta shigo da takardu. Murtala na tsaye bakin taga, Iya na zaune a ƙasa da jaririyar a cinya. Sista ta ɗauke ta ta kwance zanen, ta duba tafin hannu da na ƙafa, ta latsa ciki, ta leƙa hanci da baki. Ta mayar wa Iya.

Ta ce, “Lubabatu, kin warke. Ɗan tabonsa zai zauna a jini kamar tabon miki, amma ciwon ya mutu. Na maigida ma haka. Yarinya lafiyarta ƙalau. Za mu yi mata allura ɗaya don kariya, ki kawo ta bayan wata uku in gan ta. Ba abin da zai hana ki goya ta, da ƙannenta in Allah ya kawo.”

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Har yanzu da nake rubuta wannan, in na wanke hannu sai na juya tafin na duba.

Murtala ya zauna a bakin gado ya rufe fuska. Da ya ɗago ya ce, “Iya, ke za ki zaɓi suna.”

Iya ba ta kalle shi ba. Tana shafa kunnen yarinyar da babban yatsa, daga sama har ƙasa, ɗan ƙaramin kunne cikakke.

“Ka gaya wa innarka ta sallami wanzami. Wanga kunne ba mai taɓa shi.”

Ban taɓa jin sunan mahaifiyarta a bakinta ba, ko mamata ba ta san shi ba. Ta sunkuya ta kai bakinta kusa da kunnen, ta faɗa a hankali, amma duk mun ji.

“Hansatu. Sannu da zuwa.”